Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Gwajin Ƙarfi na Aikin Kwana-Kwana

Duk wanda ya tashi a Zakirai ko ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san yadda gaba ke faɗuwa in aka ji kururuwar gobara da tsakar dare a lokacin hunturu. A wannan lokaci komai ya bushe ƙamas. An gama girbi, an zuba gero da dawa a rumbu, an jingine kara a bayan gida, an ɗora harawa a kan bishiya, ga darni, ga zana, ga jinka. Iska kuwa tana kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Garwashi ɗaya da aka manta a kaskon jin ɗumi ya isa ya cinye wahalar shekara guda kafin maƙwabta su gama neman bokiti. Gidajenmu kuma a jere suke, in ta kama ɗaya, na kusa da shi ma bai tsira ba.

Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, watau su nufi wuta a lokacin da kowa ke gudunta. Su ne ma'aikatan kashe gobara, waɗanda muka fi sani da 'yan kwana-kwana. Da yawa daga cikinmu ɗalibai muna sha'awar wannan aiki in mun gama makaranta. Amma na lura da wani kuskure da ya zama ruwan dare a tsakaninmu. In aka yi maganar gwajin ƙarfin jiki da ake yi wa masu neman aikin, sai ka ji wani ya ce, "Haba, ni da nake noma tun ina ɗan shekara goma, wane gwaji ne zai gagare ni?" To, wannan magana ita ce dalilin rubutuna. Ƙarfin gona jari ne babba, ba shakka. Amma shi kaɗai bai isa ba, sai an sarrafa shi da shiri na watanni. Zan yi ƙoƙari in bayyana dalili, sa'an nan in nuna yadda za a yi shirin da kayan da muke da su a nan gida.

Su Wane ne 'Yan Kwana-Kwana?

Aikin kashe gobara na gwamnati ya soma a ƙasar nan a Legas cikin shekarar 1901, a ƙarƙashin 'yan sanda. A shekarar 1963 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya. Yanzu tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, tana kuma da makarantar horarwa a Sheda, cikin yankin Abuja. Ban da ita, jihohi suna da nasu hukumomin, kamar Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano. Har wa yau filayen jiragen sama da wasu manyan kamfanoni suna da nasu 'yan kwana-kwana.

Kada a ɗauka aikinsu fesa ruwa ne kawai. A Jihar Kano su ake kira in yaro ya faɗa rijiya, ko wani ya nutse a kududdufi, ko gini ya rufta, ko mota ta yi haɗari mutane suka maƙale a ciki. Manyan gobara kuwa ba baƙi ba ne a wajenmu. A watan Nuwamba na 2015 wuta ta tashi a ɗakin kwanan ɗalibai na makarantar 'yan mata ta Jogana, a Ƙaramar Hukumar Gezawa maƙwabciyarmu, aka rasa ɗalibai bakwai. A watan Maris na 2016 gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta cinye shaguna wajen 3,800. A watan Oktoba na 2024 tankar man fetur ta faɗi ta kama da wuta a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Irin waɗannan wurare ne ake tura ɗan kwana-kwana, saboda haka dole a tabbatar jikinsa zai ɗauka kafin a ba shi kaki.

Me Ya Sa Ake Gwada Ƙarfi?

Dalili na farko shi ne nauyi. Kafin ɗan kwana-kwana ya taɓa komai, kayan jikinsa kaɗai sun isa kaya. Akwai riga da wando masu kauri, da manyan takalma, da hular kwano, da safar hannu, da tukunyar iskar numfashi da yake goyawa a baya. In an haɗa su sukan kai kilo 20 ko fiye, watau kusan nauyin cikakkiyar jarkar ruwa mai lita 25. Sa'an nan ga tiyo. Kowa ya san lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tiyo mai faɗin santimita 7 da tsawon mita 23 yakan ɗauki ruwa kusan lita 90 in ya cika. Shi za a ja a ƙasa, a kewaya kwana da shi, wani lokaci a hau bene da shi, alhali ƙarfin ruwan yana fizgar mutum baya.

Dalili na biyu shi ne zafi. Rigar da ke hana wuta shiga ita ce kuma ke hana zafin jiki fita. Mai aiki a cikinta yakan zubar da gumi fiye da lita ɗaya cikin awa guda. In ruwan jiki ya ragu, jini yakan yi kauri, zuciya ta ƙara wahala wajen harba shi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 ya nuna cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na 'yan kwana-kwanan da ke mutuwa a bakin aiki a can ciwon zuciya ne ke kashe su. Ashe ke nan babban abokin gaban ma'aikacin yana cikin ƙirjinsa, in bai kula da shi ba.

Dalili na uku shi ne iska. Yawancin waɗanda ke mutuwa a gobarar cikin ɗaki hayaƙi ne ke gamawa da su kafin harshen wuta ya iso. A cikin hayaƙi akwai wata iska mai guba, ba launi ba wari, ana ce mata kabon monoksaid. Takan kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai mutum ya sume bai sani ba. Domin haka ne ake goya tukunyar iska. Amma tukunyar ba rijiya ba ce, iskar cikinta ta kamar rabin awa ce, in ana aiki mai tsanani ma ba ta kai haka ba. Mutumin da ke haki zai shanye tasa da wuri. Wanda ya saba da wahala kuwa numfashinsa a hankali yake, tasa za ta daɗe. In ɗaya ya gaza a cikin hayaƙi, abokan aikinsa za su bar wanda suka zo ceto su koma ceton sa. Rai ɗaya da aka zo dominsa ya zama biyu ke nan. Wannan shi ne asalin gwajin, ba don a wahalar da kowa ake yin sa ba.

Abin da Ake Dubawa

Hukumar da ke ɗaukar ma'aikatan kashe gobara na Tarayya ita ce kuma ke ɗaukar na Sibil Difens, da na gidajen gyaran hali, da na shige da fice. Ana taƙaita sunanta da CDCFIB. A sanarwarta ta 'yan shekarun nan an nemi mai nema ya kai shekara 18, tsawonsa kada ya gaza mita 1.65 in namiji ne, ko mita 1.60 in mace ce. Faɗin ƙirjin namiji kuma kada ya gaza santimita 87. Ana neman takardar shaidar lafiya daga asibitin gwamnati, da takardun makaranta. Ana cika fom ta intanet, a yi jarrabawa a kwamfuta, sa'an nan a kira waɗanda suka ci domin a tantance jikinsu da takardunsu. Wanda aka ɗauka sai ya wuce sansanin horo, inda gudu da fareti da atisaye ke jiran sa kullum safiya. Tun da sharuɗɗa sukan sauya, wajibi ne a karanta sanarwar shekarar da za a nema, a bi ta daki-daki.

Domin mu gane irin ƙarfin da aikin kansa yake bukata, yana da kyau mu leƙa ƙasashen da suka auna shi da agogo da sikeli. A Amurka da Kanada akwai gwajin da ake kira CPAT. Mai nema zai sa riga mai nauyin kusan kilo 23, ya yi ayyuka takwas a jere cikin minti 10 da daƙiƙa 20. Zai fara da hawan matakala na minti 3, taku 60 a kowane minti, an kuma ƙara masa kilo 11 a kafaɗa. Daga nan sai jan tiyo, da ɗaukar kayan aiki, da ɗaga tsani, da dukan guduma kamar mai fasa ƙofa, da rarrafe cikin wani rami mai duhu, da jan mutum-mutumi mai kilo 75, da tura rufin ɗaki da jawo shi da sanda mai ƙugiya. Wanda lokaci ya ƙure masa ya faɗi, ko da saura taku ɗaya.

A Ingila kuma akwai hawan dogon tsani, da jan mutum-mutumi mai kilo 55 har tsawon mita 30, da rarrafe a matsattsen wuri fuska a rufe, da harhaɗa kayan aiki da hannu. Suna kuma auna ƙarfin numfashi. Wani likitan sojan saman Amurka mai suna Kenneth Cooper ya fito da hanya mai sauƙi ta auna wannan a 1968, watau a ga nisan da mutum zai iya gudu cikin minti 12. In aka bi lissafinsa, ƙarfin numfashin da ake nema a Ingila ya yi daidai da gudun kilomita 2.4 cikin minti 12.

Kowace hukuma da irin gwajinta, amma in ka duba da kyau abu huɗu suke nema: dogon numfashi, ƙarfin ƙafa da baya, ƙarfin riƙo, da natsuwar zuciya. Wanda ya tanadi waɗannan huɗu, duk irin gwajin da aka kawo masa ba zai ji kunya ba.

Ƙarfin Gona da Ƙarfin Gobara

Yanzu bari mu koma kan mai cewa noma ya ishe shi. Gaskiya ne yaron da ya saba da fartanya da garma, da jan guga, da ɗaukar damin dawa, ya riga ɗan birni nisa. Hannunsa ya yi kanta, bayansa ya yi ƙwari, ya san rana, ya san yunwa. Wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Amma aikin gona a hankali ake yin sa. Ka yi kunya biyu ko uku, ka miƙe, ka share gumi, ka sha fura a gindin bishiya, ka koma. Zuciya tana bugawa a matsakaicin hali daga safe har azahar. Aikin gobara kuwa wuni guda ne aka matse shi cikin minti goma ko ashirin, ba hutu, zuciya tana bugawa kusan iyakar ƙarfinta. Shi ya sa za ka ga ƙato wanda ke ɗaga buhun taki mai kilo 50 kamar wasa, amma in aka ce ya zagaya filin ƙwallo sau uku a guje, sai ya dafa gwiwa yana haki. Ƙarfi yana nan, numfashi ne babu.

Bugu da ƙari, aikin gona na damina ne da kaka. Da an gama sussuka da ɓarar gyaɗa, da yawa daga cikinmu sai zama a dakali da hawan babur. Jiki kuwa ba rumbu ba ne da za a ajiye ƙarfi a ciki har baɗi. In aka daina motsa shi, cikin 'yan makonni numfashi ya soma raguwa. Sanarwar ɗaukar aiki kuma ba ta duba damina ko rani. Wanda ya bari sai ya ga sunansa sa'an nan ya soma gudu ya makara, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda Za a Shirya

Mataki na farko shi ne zuwa asibiti. A auna hawan jini, a saurari ƙirji, a gwada ido, a kuma san rukunin jini. Mai fuka, da mai ciwon sikila, da wanda ya taɓa suma a wajen wasa, da wanda wani nasa ya yi mutuwar fuju'a yana matashi, lalle su nemi shawarar likita kafin su fara. Ɓoye ciwo domin a sami aiki ganganci ne da rai.

In likita ya ce lafiya, sai a ware wata huɗu a ƙalla. A sami littafi a riƙa rubuta abin da aka yi kowace rana. A sami aboki kuma, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ranar da kasala ta kama ka shi zai buga maka ƙofa.

Na ɗaya, numfashi. Cikakken filin ƙwallo kewayensa kusan mita 350 ne, saboda haka zagaye 7 ya ba ka kilomita 2.4 da 'yan kai. Filayen makarantunmu da yawa ba su kai haka ba, sai a auna da igiya tukuna. A watan farko a yi gudu sau uku a mako, ana haɗa sassarfa da tafiya: minti biyu gudu, minti ɗaya tafiya, har a cika minti ashirin. Alamar ba ka wuce ƙima ba ita ce kana iya yi wa abokinka magana kana gudu. A wata na biyu a bar tafiyar, a yi gudun rabin awa ba tsayawa. A wata na uku a ware rana ɗaya a mako ta gudu mai zafi: zagaye ɗaya da ƙarfi, ɗaya a hankali, har sau biyar ko shida. A ƙarshen kowane wata a gwada kai da agogo, a ga zagaye nawa aka yi cikin minti 12. Burin shi ne zagaye 7 kafin wata na huɗu ya ƙare.

Na biyu, ƙafa da baya. Ba mu da dogayen benaye a Zakirai, amma muna da dakali. A nemi mai tsayin kamar taƙi ɗaya, a riƙa hawa da sauka na minti 3, ana ƙirga taku. In an saba, sai a zuba yashi a tsohuwar jakar makaranta a goya. A fara da kilo 5, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako biyu har a kai kilo 20. A yi tsugunne da tashi sau 15, a huta, a maimaita sau uku. Domin koyon jan mutum, a cika buhu da yashi, a ɗaura masa igiya, a riƙa jan sa da baya-da-baya a kan ƙasa. Kilo 75 ɗin nan na Amurka buhun taki ɗaya da rabi ne, amma kada a fara da shi, a fara da rabin buhu. Duk lokacin da za a ɗaga kaya daga ƙasa, a lanƙwasa gwiwa, a bar baya a miƙe, ƙafa ce za ta yi aikin. Da yawa daga cikin iyayenmu ciwon bayan da ke damun su daga sunkuyawa a ɗauki kaya ya samo asali.

Na uku, hannu da riƙo. A nan mun fi kowa gata. Ɗaukar jarka biyu, ɗaya a kowane hannu, daga rijiya ko famfo zuwa gida, atisaye ne cikakke, ga kuma albarkar iyaye. Jan guga da faskare su ma haka. A ƙara da kifa ciki a ƙasa ana ɗaga jiki da hannuwa, da kama reshe mai ƙwari ana jawo jiki sama har haɓa ta wuce shi. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya fara da reto kawai, yana ƙirga daƙiƙa.

Na huɗu, natsuwa. Akwai jarumin da ba ya tsoron kowa a ƙasa, amma da ya taka tsani na goma sai ƙafa ta ɗauki rawa. Akwai wanda in an rufe masa fuska sai numfashi ya sarƙe. Gara mutum ya gano wannan a gida da ya gano shi a gaban masu gwaji. A riƙa hawan tsani mai ƙwari, wani babba yana riƙe da gindinsa, ana ƙara tsawo sannu a hankali. A ɗaure ido da ƙyalle a yi rarrafe ƙarƙashin tebura a aji, aboki yana tsaye. Amma ina gargaɗi da babbar murya: kada wani ya ce zai gwada jarumtarsa da shiga rijiya ko kududdufi ko hayaƙi. Ƙasan tsohuwar rijiya sau da yawa iskar numfashi ta yi ƙaranci, mai shiga yakan sume nan take, wanda ya bi shi ceto shi ma ya sume. Wannan aikin masu horo da kayan aiki ne.

A wata na huɗu sai a haɗa su duka a jere, kamar yadda ake yi a gwaji: hawan dakali da jaka, ɗaukar jarka, jan buhu, faskare, rarrafe, ba hutu a tsakani. A nan ne za ka san bambancin ƙarfin gona da ƙarfin gobara. Kafin kowane atisaye a ɗumama jiki da sassarfa ta minti biyar. A kowane mako a bar rana ɗaya ko biyu ta hutu, domin a lokacin hutu ne tsoka ke ginuwa. Makon ƙarshe kafin gwaji kuwa a rage aiki sosai, a je da jiki sabo. Kada kuma a sa sabon takalmi ranar, a sa wanda ƙafa ta saba da shi.

Ci, Sha da Barci

Ba sai an sayi wani gari na gwangwani ba. Abincin gina jiki yana gidanmu: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai, awara, zogale, da ɗan nama ko kifi in an samu. Tuwo da fura da dankali su ne makamashi. A yi barci na awa takwas, a rage daren kallo da latse-latsen waya.

Ruwa kuwa shi ne kan gaba. A bazara zafin ƙasarmu yakan kai digiri 40 har ya wuce, saboda haka lokacin gudu shi ne bayan sallar asuba ko gab da magariba. A sha ruwa kafin a fara da bayan an gama. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa. In an yi gumi da yawa, ruwan gishiri da sukari yana taimakawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko amai, ya tsaya nan take ya nemi inuwa. In ya soma ruɗewa ko sambatu, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Da azumi a mai da atisaye bayan buɗa baki, a kuma sassauta shi.

Akwai wata magana da ba za a ƙi faɗa ba. Wasu samari suna shan tiramol da makamantansa wai domin su yi aiki ba gajiya. Ƙwaya ba ta ƙara ƙarfi, tana ɓoye gajiya ne kawai, har mutum ya yi wa kansa lahani bai ji ba. Takan jawo farfaɗiya, ta lalata hankali, ta mai da mutum bawanta. Taba sigari da shisha kuma numfashin da kake wahalar tarawa suke ci. Wanda za a danƙa wa rayukan jama'a dole kansa ya zama garau.

Kira ga Iyayenmu

Iyayenmu, in kun ga ɗanku yana zagaya fili da asuba, ko yana jan buhun yashi a bayan gida, kada ku ce ya rasa aikin yi. Ku sa masa albarka, ku ƙara masa ludayin fura. 'Ya'ya mata ma ana ɗaukar su, kun ga ai an faɗi tsawon da ake nema gare su. Mai sha'awa a bar ta ta yi atisayenta a cikin gida ko a makaranta tare da 'yan'uwanta mata. Ku tuna kuma ƙarfi ba ya maye gurbin takarda. Wanda bai ci jarrabawar gama sakandare ba, ko bai iya taɓa kwamfuta ba, ba zai ma kai wurin da za a auna ƙirjinsa ba.

Abu na ƙarshe, ku yi hattara da 'yan damfara. Hukumar ta sha sanarwa cewa neman aikin kyauta ne. Duk wanda ya zo ya ce a sayar da tunkiya ko a jinginar da gona zai samo wa yaro gurbi, a guje shi. Ko da an ce ya yi nasarar shigar da wanda bai cancanta ba, wuta ba ta karɓar cin hanci. Ranar da aka tura yaron cikin hayaƙi, jikinsa ne kaɗai zai fisshe shi.

Kammalawa

Masu nema suna da yawa, guraben kuwa kaɗan ne, ba kowa ne zai samu ba. Amma wanda ya yi wannan shiri bai yi asara ba. Shi ne dai shirin da ake bukata a aikin soja da ɗan sanda da sauran ayyukan kaki, lafiyar da ya samu kuma tasa ce. Sa'an nan a gari irin namu, kafin motar kwana-kwana ta iso, matasan unguwa ne ke ɗebo ruwa, su ture darni domin yanke wa wuta hanya, su fito da tsofaffi da yara. A kira lambar gaggawa ta 112 da wuri, amma mintocin farko a hannunmu suke.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, mai wannan buri ya auna filinsa, ya nemi littafinsa da abokinsa, ya fara gobe da asuba. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya tsare mu daga gobara, ya ba mai rabo sa'a, amin.